SHAIDAR «BABU»: KO ANA IYA KAFA HUJJA CEWA BABU ALLAH?

Tun lokacin da ƴaƴan talakawa suka fara kaiwa ajin ƙarshe na lise, inda ake karantar da falsafa, wata tambaya ta shiga garuruwan ƙasar Damagaram wadda kakanni ba su saba jin ta a bakin yaro ba. Takan zo ne da hutun damana, tare da ɗalibin da ya sauka daga mota a Mirya ko a Hamdara, daga Lise Amadu Kuran Daga ko daga jami'ar Yamai. Yanzu kuwa salula ta hutar da ita jiran hutu. Tambayar ita ce: in mutum ya ce babu Allah, da me zai tabbatar da maganarsa, kuma da me za a ƙaryata shi? Uba ɗan kasuwa yakan yi ta'awwuzi ya tashi daga tabarma. Uba ma'aikaci, wanda shi ma ya zauna a wannan aji shekaru talatin da suka wuce, yakan yi murmushi ya ce ƙuruciya ce, za ta wuce. Dukansu biyu sun bar yaro da tambayarsa, shi kuwa ya tafi yana zaton an ƙi ba shi amsa ne don ba a da ita.

Kafin a shiga gardama ya kamata a tsefe maganar, domin abu uku ne ake cakuɗawa. Akwai mai cewa bai gaskata ba, wannan labarin zuciyarsa yake bayarwa, kuma babu mai iya musa masa abin da ke zuciyarsa. Akwai mai cewa bai sani ba. Sai na uku, mai cewa ya tabbatar babu. Wannan na ƙarshe shi ne ya shigar da ƙara, kuma duk wanda ya taɓa zama gaban alkali a kan rikicin gona ko na bashi ya san ƙa'idar: mai da'awa shi ke kawo shaida. Abin dubawa ke nan, wace irin shaida ce za ta iya ɗaukar kalmar «babu».

Malaman fiƙihun Malikiyya sun daɗe da wannan bincike, ba don gardamar mulhidai ba, don rigimar kasuwa da ta gado. Ya shahara a bakin malamai cewa ba a karɓar shaida a kan korewa, watau shaidar da ke cewa abu kaza bai auku ba. Shihabuddini Alƙarafi, babban malamin Masar da ya rasu a 1285, ya duba wannan magana cikin littafinsa Alfuruƙ ya ce ba haka take a dunƙule ba, ya raba korewa gida uku. Na farko shi ne wanda ido ke iya kewayewa, kamar mutum ya shaida cewa babu doki a wannan fili da ke gabansa. Wannan ana karɓa ba tare da saɓani ba. Na biyu shi ne wanda ake kai wa gare shi da rinjayen zato bayan an yi bincike, kamar shaidar cewa wane ya karye ba shi da dukiya, ko cewa mamaci ba shi da wani magaji ban da waɗannan. Shi ma ana karɓa, ko da yake mai yiwuwa ne akwai tukunyar kuɗi a binne, ko wani ɗa a Fort-Lamy wanda ba a san da shi ba. Na uku shi ne korewar da ba ta da iyaka, kamar a shaida cewa wane bai taɓa biyan bashin da ke kansa ba. Wannan ba a karɓarsa, domin mai shaidar ba ya tare da mutumin dare da rana, bai san abin da ya wuce tsakaninsa da mai bin sa bashi a bayan rumfa ba.

Mutanen ƙasar Mirya sun ga gida na biyu da idonsu, a kan kurkunu. Dattawan Hamdara ba su manta yadda wannan tsutsa takan kwantar da majiya ƙarfi a tsakiyar noma ba, har gona ta cika da ciyawa mai ita yana kallo daga inuwa. Ƙidayar da aka yi a 1991 ta samu masu ciwon sama da dubu 30 a Nijar, kuma arondisman Mirya na cikin wuraren da ta fi yi wa ɓarna. A watan Disamba na 2013 Ƙungiyar Lafiya ta Duniya, OMS, ta ba Nijar takardar shaidar cewa babu kurkunu a cikinta. Yaya aka yi aka shaida «babu» a ƙasa mai faɗin haka? An san kamannin tsutsar, an san takan fito daga jikin mutum wajen shekara guda bayan ya sha ruwan tabki, an san ƙauyukan da take, an sa masu lura a cikinsu, an yi alkawarin ladan kuɗi ga duk wanda ya nuna mai ciwon, aka kuma jira fiye da shekara uku ba a ga ko ɗaya ba. Abin nema yana da siffa, yana da wuri, yana da lokacin bayyana. Duk da haka rinjayen zato aka samu, ba yaƙini ba. A Cadi an yi shekara goma ba a ba da rahoton mai kurkunu ba, sai ga ta a 2010, daga baya kuma aka tarar tana jikin karnuka a bakin kogin Shari.

To, a ɗauki wannan ma'auni a auna maganar mai cewa ya duba bai ga Allah ba. Ranar 12 ga Afrilu 1961 Yuri Gagarin ya kewaye duniya cikin kumbo, masu farfagandar Tarayyar Sobiyet suka baza cewa an hau sama ba a tarar da kowa ba. Maganar ba ta cikin abin da aka naɗa na hirarsa da ƙasa, ana kuma jingina ta ga Khrushchev. Ko da shi ya faɗa, tafiyar minti 108 ce, kuma tsawon da ya kai, kilomita ɗari uku da ɗoriya, bai kai nisan Damagaram zuwa Agadas ba. Almajiri ya san wanda ya riga shi wannan dabara: Alƙur'ani ya ba da labarin Fir'auna da ya sa Hamana ya gina masa dogon bene don ya leƙa. Kuskuren bai tsaya ga gajartar benen ba. Ko da na'urar hangen nesa za ta kewaye taurari duka, abin da za ta iya gani shi ne abin da ke da jiki da wuri da gefe, alhali Allahn da malaman tauhidi ke magana a kansa, cikin siffofinsa akwai saɓa wa fararru, watau ba ya kama da komai cikin abin da aka fara, wuri ba ya ƙunsar sa. Neman sa da madubin likita ko na masu taurari daidai yake da auna hatsi da agogo.

Ɗalibi mai kaifin kai zai ce wannan gudu ne, an ɗauke abin gardama an kai shi inda hannu ba ya kaiwa. Ƙorafin yana da nauyi, amma tarihi bai goyi bayansa ba. Shehu Muhammadu ɗan Yusufu Sanusi na Tilimsan, mai Ummul Barahina, littafin da aka gina karatun tauhidi a kansa daga Timbuktu har Borno, ya rasu a 1490, fiye da shekara ɗari kafin Galileyo ya ɗaga madubinsa sama. Ba don tsoron na'ura aka siffanta Allah haka ba. Sai dai adalci ya wajabta a ƙara da cewa wuƙar tana yanka ta kowane gefe: abin da awo ba ya iya korewa, awo ba ya iya tabbatar da shi. Kuma akwai maganganu da yawa da ake rataya wa addini waɗanda suke da wuri da lokaci, awo kuwa yana kama su. Mai cewa layarsa tana hana ƙarfe shiga jiki, ko rubutunsa yana ninka jika ɗaya ta zama goma, ya shiga gida na farko na Alƙarafi, ana iya gwada shi a gaban jama'a kafin la'asar. Yara da yawa da suka ce sun bar imani, in an bincika, irin wannan damfara suka kama, suka haɗa ta da tauhidi suka zubar gaba ɗaya.

Saura hanya ta biyu, wadda ta fi ta farko ƙarfi nesa ba kusa ba. Ana iya tabbatar da «babu» ba tare da an taka ko'ina ba, in aka nuna cewa abin yana warware kansa. Babu adadin da ya fi kowane adadi girma. Ba sai an ƙirga ba, domin duk wanda aka kawo ana iya ƙara masa ɗaya. Sanusi da wannan ya buɗe littafinsa, inda ya raba hukuncin hankali zuwa wajibi, wanda hankali ba ya sawwala rashinsa, da mustahili, wanda hankali ba ya sawwala samuwarsa, da ja'izi, wanda samuwarsa da rashinsa duka suna yiwuwa. Wanda ke son ya kafa hujjar cewa babu Allah, aikinsa shi ne ya nuna cewa siffofin da ake ba Shi suna cin karo da juna, har su faɗa cikin mustahili. In ya iya wannan, ya gama, ba ya bukatar kumbo.

An gwada. Gwajin da ya fi yawo a bakin ƴan lakwal shi ne na dutse: shin Allah zai iya halittar dutsen da ba zai iya ɗauka ba? In an ce i, ya gaza. In an ce a'a, ya gaza. Malaman zaure sun san amsar tun kafin a fassara tambayar daga Faransanci, domin a karatun siffofi ashirin ana koya cewa iko yana rataya ne ga abin da ke yiwuwa. «Dutsen da Mai iko duka ba ya iya ɗauka» jerin kalmomi ne da ba su nuna komai ba, kamar a ce a kawo muraba'i mai kusurwa uku. Masana falsafar Turai ma ba su ɗauki wannan da muhimmanci ba.

Wanda suka ɗauka da muhimmanci, kuma ya cancanta, shi ne hujjar wahala. In Allah mai iko ne a kan kome, masani ne ga kome, mai rahama ne, don me jariri ke mutuwa da yunwa? Ba a bukatar littafin Turawa kafin a ji zafin wannan tambaya a ƙasar da ta ga Kakalaba a 1913 da 1914, ta ga farin 1973, ta ga El Buhari a 1984, ta kuma ga layin uwaye a ƙofar cibiyoyin tamowa na Maradi da Damagaram a 2005. A Turai girgizar ƙasar Lisbon ce ta tayar da ita, ranar 1 ga Nuwamba 1755, ranar idin Kirista, mutane suna cikin majami'u gini ya rufta musu. Voltaire ya rubuta Candide a 1759 yana yi wa masu cewa kome daidai yake ba'a, ko da yake shi kansa bai musa samuwar Mahalicci ba, abin da mushen lakwal kan manta ya faɗa. A 1955 wani masanin falsafa ɗan Ostareliya, John Mackie, ya tsara hujjar a matsayin warwara ta hankali: iko cikakke, da alheri cikakke, da samuwar sharri, in ji shi, ba sa haɗuwa a magana ɗaya.

Malaman Musulunci sun yi wannan kokawa shekara dubu kafin Mackie. Mu'utazilawa sun ce wajibi ne Allah ya yi wa bawa abin da ya fi masa alheri. Ana ba da labarin cewa Abul Hasan Al'ash'ari ya tambayi malaminsa Aljubba'i game da ƴan'uwa uku: ɗaya ya girma ya mutu salihi, ɗaya ya mutu yana yaro, ɗaya ya girma ya mutu kafiri. In yaron ya ce don me ba a bar shi ya girma ya sami darajar wansa ba? Malamin ya ce za a amsa masa cewa an san in ya girma zai ɓace, shi ya sa aka ɗauke shi. Al'ash'ari ya ce, to, in na ukun ya ɗaga murya ya ce shi don me ba a ɗauke shi yana yaro ba? Malamin ya rasa ta cewa. Abin da Ash'arawa suka fitar daga nan, wanda shi ne ya iso ƙasar Hausa ta hannun Sanusi, shi ne cewa hankalin bawa ba ya iya tsara wa Allah jadawalin abin da ya wajaba a kansa, kuma rashin ganin hikima a cikin wani abu ba ya nuna babu ita.

A nan ne hujjar wahala ke tuntuɓe a matsayinta na hujja yankakkiya. Kafin ta tsaya, dole mai ita ya ƙara wani sharaɗi: cewa babu wata hikima, ko wace iri, a ko wane lokaci, duniya ko lahira, da za ta sa Mai iko da rahama ya bar wannan wahala ta auku. Mai karatu ya duba da kyau, zai ga wannan sharaɗi shi kansa shaidar «babu» ce, kuma irin ta gida na uku, wadda ba ta da iyaka. Alvin Plantinga na Amurka ya nuna a 1974 cewa muddin yana yiwuwa, ko da yiwuwa kawai, a ce halittar masu zaɓi tana tafe da yiwuwar su zaɓi sharri, to warwarar ba ta tabbata ba. Mackie kansa, cikin littafinsa da ya fito a 1982, ya yarda cewa matsalar sharri ba ta nuna ginshiƙan imani suna warware juna kai tsaye ba, ko da yake bai bar ra'ayinsa ba. Daga nan masu wannan hujja, irin su William Rowe a 1979, suka sauko suka ce yawan wahala yana raunana zaton samuwar Allah. Wannan magana ce da ake tattaunawa a kanta har yau, amma ta bar da'awar yaƙini ta koma ta rinjayen zato.

Kada a ɗauki wannan a matsayin ta'aziyya. Uwar da ta binne ɗanta a shekarar yunwa ba lissafin Plantinga take bukata ba, kuma malamin da zai karanta mata shi a ranar bai san aikinsa ba. Kada kuma a mai da ƙaddara bargon rufe laifi. A kowace yunwa da aka ambata akwai hannun mutum: harajin da Nasara ya ci gaba da karɓa rumbuna na wofi, taimakon da ya ɓace tsakanin mangaza da ƙauye kafin sojoji su kifar da gwamnati a Afrilun 1974, da buhunan da ake kulle wa ƙofa ana jiran tiya ta ninka kuɗinta. Yaron da ya ga mai sallar sahun gaba yana ɓoye hatsi, ba Voltaire ne ya fara sa masa shakka ba.

Abin lura shi ne manyan waɗanda ba su yi imani ba sun fi almajiransu taka-tsantsan. Bertrand Russell na Ingila ya bayyana cewa a gaban masana falsafa zai kira kansa wanda bai sani ba, domin ba ya ganin akwai hujja yankakkiya da ke kore samuwar Allah, ko da yake a gaban mutumin titi zai ce shi mulhidi ne. Richard Dawkins, wanda littafinsa na 2006 ya bazu a duniya, ya tsara ma'auni mai hawa bakwai, na bakwai shi ne mai yaƙinin babu, ya ajiye kansa a na shida. Tun a 1781 Immanuel Kant na Jamus, wanda ya soki hujjojin da aka saba kawowa na samuwar Allah, ya ce dalilan da suka hana hankali tsantsa ya tabbatar su ne kuma suka hana shi ya kore. Ɗalibai sukan haddace rabin farko na wannan magana don jarrabawar bak, su bar rabin na biyu a aji.

Amma mai imani kada ya yi saurin buga ganga. Russell ɗin nan ya kawo wani misali a 1952: a ce wani ya yi da'awar akwai butar shayi tana kewaya rana tsakanin duniya da Mars, ƙanƙanuwa ƙwarai yadda babu madubin da zai hango ta. Babu mai iya ƙaryata shi, amma wannan bai sa a gaskata shi ba. Ana iya amsa masa cewa buta abu ce mai jiki da wuri, kuma ba ta bayyana dalilin kome, alhali ana ambaton Mahalicci ne a matsayin amsar tambayar da ta fi kowace girma, watau don me akwai wani abu maimakon babu kome. Amsar tana da kyau, sai dai darasin misalin yana nan: kasawar abokin gardama ba ta zama hujjar mutum. Wanda bai iya tabbatar da cewa ba a bin sa bashi ba, wannan kaɗai bai sa alkali ya ce ya biya. Shi ya sa Sanusi bai tsaya ga cewa «ku ƙaryata in kun iya» ba. Ya kawo dalilinsa, cewa duniya fararriya ce tun da ba ta rabuwa da sauye-sauye, kuma fararre ba ya farar da kansa. A kan wannan dalili Algazali da Ibn Rushdi suka yi saɓani, Musulmi da Musulmi, littafi yana amsa littafi. Ko da masana taurari suka karkata ga cewa sararin duniya yana da mafari, Georges Lemaître, limamin Katolika ɗan Beljiyam da ya kawo ra'ayin faɗaɗar sarari a 1927, bai ji daɗi ba sa'ad da Fafaroma Pius na 12 ya so ya mai da shi hujjar halitta a 1951. Ya san lissafin kimiyya yana canzawa, bai so a ɗaura imani a jikinsa ba.

Inda hujja ta tsaya, sau da yawa hukuma takan so ta ƙarasa da sanda. Tarayyar Sobiyet ta rufe masallatai da majami'u, ta kafa ƙungiyar yaƙi da addini a 1925. Da aka yi ƙidayar jama'a a 1937, fiye da rabin manya suka rubuta cewa su masu imani ne, sai Stalin ya hana fitar da sakamakon, aka kama shugabannin ofishin ƙidaya. Albaniya ta haramta addini gaba ɗaya a 1967, ta janye haramcin a 1990. Babu ɗaya cikinsu da ta ƙara ko ƙwayar hujja a kan abin da Russell ya bari. Sanda kuwa ba ta fi ƙwarewa ba in ta koma ɗaya hannun. A 2014 dangin wani injiniya ɗan Kano, Mubarak Bala, suka kai shi sashen masu taɓin hankali bayan ya ce ya bar imani. A Afrilun 2020 aka kama shi a Kaduna saboda rubuce-rubucen da ya yi a Facebook waɗanda suka ɓata wa Musulmi rai ƙwarai, a Afrilun 2022 babbar kotun Kano ta yanke masa shekara 24, kotun ɗaukaka ƙara ta mai da su 5 a 2024, aka sake shi a shekarar. Zagi daban ne, shakka daban, kuma kotu a kan rubutun da tada hankalin jama'a ta yi hukunci. Amma matakin farko, na asibiti, an ɗauke shi ne a kan rashin imani kawai, kuma bai mai da shi ga sallah ba. Abin da ya haifar shi ne wasu matasa suka koyi rufe bakinsu a gida su buɗe shi a intanet.

Nijar ta taɓa wannan gardama ta wata fuska bayan Taron Ƙasa na 1991, sa'ad da kalmar «laïcité» ta shiga kunnen jama'a da ma'anar ƙasa marar addini, ƙungiyoyin Musulunci suka tashi, har kundin tsarin mulki na Disamban 1992 ya zaɓi ya ce an raba hukuma da addini. Ko me mutum ke gani game da wannan sulhu, ya amince da abu guda, cewa ofishin gwamnati ba wurin yanke wannan shari'a ba ne.

Tarihin ƙasar nan yana da wani babi da ya fi waɗannan kusa da zaure. Tsanantawar da Sanusi ya yi a kan cewa baligi ya san Ubangijinsa da dalili, kada ya tsaya ga kwaikwayon iyaye, ta haifar da karatun da Fulani ke kira kabbe, wanda Muhammadu Alwali na ƙasar Bagirmi ya mayar da sharhinsa cikin Larabci a ƙarni na 17. Daga baya wasu ɗalibai suka wuce gona da iri. Sukan tare manomi ko makiyayi su tambaye shi dalilin samuwar Allah bisa tsarin malaman kalam, in ya kasa su ce shi kafiri ne, ba a cin yankansa, ba a ba shi aure. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Allah ya yi masa rahama, wanda shi kansa masanin wannan fanni ne, ya yaƙe su da alƙalami cikin littattafai da dama, har da Hisnul Afhami, da wani da sunansa kaɗai ya isa bayani, mai faɗakar da ɗalibai cewa ana sanin Allah da fiɗira, watau da halittar da aka yi mutum a kanta. Damagaram ba ta taɓa bin tutar Sakkwato ba, Borno take kai wa gaisuwa, amma littattafai ba su san iyakar sarakuna ba, kuma wannan matsayi na Shehu shi ne wanda jama'a suka zauna a kansa.

Waɗancan ɗalibai masu imani ne masu zafi, ɗalibin lise na yau mai shakka ne, amma awonsu ɗaya: dukansu sun ɗauka cewa imanin mutum yana tsaye ne a kan iya gardamarsa, in an kayar da shi a magana to ba shi da kome. Na farko ya kayar da makiyayi ya ce ba Musulmi ba ne. Na biyu ya kayar da tsohonsa ya ce ashe babu Allah. Shehu ya amsa wa na zamaninsa cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da sahabbansa sun karɓi Musuluncin Larabawan ƙauye ba tare da sun zaunar da su jarrabawar wajibi da mustahili ba, kuma hukuncin duniya yana bin abin da mutum ya bayyana. Makiyayin da bai iya jera dalili ba, a hukuncin Shehu, ana cin yankansa, ana ba shi aure, in ya mutu a yi masa sallah.